Ganuwar da Kurmi Ya Haɗiye

A kurmin Ijebu, cikin Jihar Ogun, akwai wata tsohuwar ganuwa da gwalalonta, ana kiranta Eredo. Tsawonta ya kai mil 100. Mutanen wurin sun ce Bilikisu Sungbo, wata attajira marar ɗa, ita ta sa aka haƙa don a riƙa tunawa da ita. Waɗansu har sun ce ita ce Sarauniyar Sheba ta 1 Sarakuna sura 10.

Mu masu koyar da yara, labarin nan yana mana daɗi. Amma masana sun auna gawayin da suka tono a wurin, suka sa aikin tsakanin shekara ta 800 da wajen 1400 bayan haihuwar Almasihu. Sulemanu kuwa ya riga wannan da shekara fiye da 1,700. A ganinmu, mutanen ƙasar ne suka haƙa ta domin tsaro da shata iyaka.

Iyaye, kada mu jingina Maganar Allah a kan almara. Ran da yaro ya gane almarar, yana iya zubar da gaskiyar tare da ita.