Wa'adin Kwana Talatin

Waɗanda mu ka fita koyarwar gwaji tare a shekarar 2024 sun san irin wahalar da malami ya ke sha in jarrabawa ta ƙare. Ga yara sittin ko fi a aji guda, ga darussa goma, kowane yaro kuwa sai an tara makinsa, a fitar da matsakaici, sa'an nan a jera su daga na ɗaya har na ƙarshe. In ka kuskure lissafin yaro guda, to, jerin duka ya rushe. Ni dai kwana uku na yi ina wannan aiki da fitilar waya. Da na komo kwaleji na ce ba zan sake ba. Da ma na ɗan koyi harshen Python a ɗakin kwamfutarmu, saboda haka cikin hutu na zauna na rubuta wata 'yar manhaja. Malami ya shigar da maki kaɗai, ita ta yi lissafi, ta jera yara, ta buga wa kowa takardar sakamako.

Da malamai biyu uku su ka gani su ka yaba, sai zuciyata ta raya mini in sayar. Ba na jin kunyar faɗin haka, gama kowa a nan ya san abin da kuɗin makaranta ya ke yi wa aljihun iyayenmu. Na yanka mata kuɗi naira 5,000. Amma wa zai ba ɗalibi kuɗinsa a kan abin da bai gwada ba? Ko mai kilishi sai ya ɗan yago maka ka ɗanɗana. Sai na ƙudura in bar kowa ya yi aiki da ita kyauta kwana talatin, bayan haka ya biya.

Wannan dabara ba tawa ba ce. A Amurka, wajen 1982, wani mai suna Andrew Fluegelman ya riƙa raba manhajarsa PC-Talk, Jim Knopf kuma tasa PC-File, su na roƙon wanda ta yi wa amfani ya aiko da kuɗi don kansa. Akwai kuma WinRAR wadda yawancinmu mu ka sani: wa'adinta kwana 40 ne, amma in ya cika ba ta rufewa, sai dai ta yi ta tuna maka ka saya. Da na karanta labarinsu na yi dariya, na ce a raina waɗannan ba su san mutanenmu ba. Tawa kam in wa'adi ya cika ƙofa za ta rufe ruf.

Ga yadda na yi. Ran da aka fara buɗe manhajar, sai ta dubi agogon kwamfuta ta rubuta kwanan watan a wani ɗan fayil da na ɓoye. Kowane lokaci aka sake buɗe ta, ta kan ɗebe waccan rana daga ta yau, in abin da ya rage ya wuce talatin sai ta ƙi aiki. Layi goma sha biyu ne kacal, na kuwa ji daɗin kaina ƙwarai. Abokin ɗakina bai yi minti biyar ba ya karya shi. Agogon kwamfutarsa kurum ya mayar baya da wata guda, sai ga manhaja ta buɗe ta na yi masa maraba.

Abin ya ɓata mini rai. Na san manyan kamfanoni su kan sa manhaja ta tambayi na'urarsu ta intanet, ta haka ba ta dogara ga agogon mai ita ba. Amma makarantun da na ke nufi, waɗansu ko wutar lantarki sai an ta da janareta, balle intanet. Don haka na ƙara wata doka: manhaja ta riƙa rubuta ranar da aka buɗe ta na ƙarshe, in ta ga kwanan watan yau ya koma bayan wancan, to, an taɓa agogo ke nan, ta rufe nan take ko da saura kwana nawa. Har na sa ta rubuta da jan rubutu cewa an yi ƙoƙarin zamba. Sa'ad da na ke rubuta kalmar nan fuskar abokin ɗakina na ke gani.

Cikin waɗanda su ka karɓa akwai wata malama dattijuwa a makarantar da na yi koyarwar gwaji. Ta fi shekara talatin ta na koyarwa, ita ce ma ta nuna mini yadda a ke cika rajista, mu kan kira ta Mama. Ta na aiki da wata tsohuwar kwamfuta ta ofishin hedimasta. Ta shigar da makin yara 62 da yatsa ɗaya, a hankali, har kwana goma sha tara.

Ran Laraba da dare, saura kwana biyu a raba sakamako, sai ga wayarta. Ba ta ko tsaya doguwar gaisuwa ba, ta ce, "Ɗana, wace zamba na yi maka?"

Na rasa ta cewa. Washegari da asuba na nemi izini, na hau mota, daga bakin titi kuma na hau babur. Da na kunna kwamfutar na dubi kusurwar allo, sai na ga ta na cewa yau 1 ga Janairu, 2010. Nan na gane. A cikin irin waɗannan kwamfutoci akwai wani ɗan batir mai faɗi kamar kwabo, CR2032 a ke ce masa, shi ne ya ke riƙe agogo ya na tafiya sa'ad da aka kashe wuta. In ya mutu, duk lokacin da aka cire wuta sai agogo ya koma wata tsohuwar rana da aka sa masa tun daga masana'anta. Na kwamfutar ofishin nan ya daɗe ya na ja, ran nan ya cika. Mama ko inda a ke gyara agogo ba ta sani ba. Na tuna da abin da kakata ta kan ce, ramin mugunta a gina shi gajere.

Abin da ya fi damuna ba jan rubutun ba ne, ko da shi ke shi ma ya isa abin kunya. Makin yaran duka ya na cikin manhajar, na kuwa kulle shi tare da ita. Lissafin nawa ne, na yarda, amma makin aikinta ne da na yaranta, ba ni da iko ko kaɗan in riƙe shi jingina. Da a ce na yi nisa, ko wayata ta na kashe, da yara 62 sun tafi hutu hannu wofi saboda naira 5,000 da ban ma karɓa ba tukuna. Abokin ɗakina kuwa, wanda dominsa na yi dokar, tuni ya gano inda na ɓoye fayil ɗin, ya share, ya sami sabon kwana talatin.

Na sayo batir a kasuwar garin, na gyara agogo, na buɗe mata, mu ka buga takardun tare har magariba. Muna cikin bugawa ta yi mini wata tambaya da ban taɓa yi wa kaina ba. Ta ce, "Me ya sa talatin? Zango mako goma sha uku ne. Wanda ya karɓa farkon zango, kafin jarrabawa ta zo ai wa'adinsa ya ƙare, bai ga amfanin abin ba." Gaskiya ba ni da dalili, na ga waɗansu na yi ne na bi.

Da na dawo na sake rubuta wurin duka. Yanzu ba ta ƙidaya kwanakin kalanda, sai kwanakin da aka yi aiki da ita, guda 25. In ta ga kwanan wata ya bambanta da na ƙarshe, gaba ya yi ko baya, sai ta ƙara ɗaya kurum, ba ta zargin kowa. Saura kwana biyar ta kan fara sanarwa. In kuwa wa'adi ya cika, sabon aji ne kaɗai ba za ka iya buɗewa ba, amma abin da ka riga ka shigar ka na iya dubawa, ka gyara, ka buga, ka kwashe a filashi, har abada.

Abokin ɗakina ya duba ya ce da wannan tsari duk wanda ya tsai da agogonsa a rana ɗaya ba zai taɓa biya ba, kwamfuta mai mataccen batir ma haka. Na ce na sani. Zuwa ƙarshen 2025 malamai goma sha ɗaya su ka karɓa, huɗu su ka biya. Mama ta aiko da naira 3,000 da mudu biyu na acca, ta ce sauran sai albashi ya fito.