Tareni a Tambuwal da Kebbe: Wutar da Unguwa Ke Haɗuwa a Kanta

Uwargida, idan Allah ya nufe ki da yin Babbar Sallah a ƙasar Sakkwato, kada ki tsaya a birni kaɗai. Hau titin da ya nufi Jega, ki wuce Bodinga da Shagari, bayan tafiyar kusan kilomita 100 sai ga ki a Tambuwal, tsohon garin da tarihinsa ke haɗe da Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Kudu da shi akwai Kebbe, wadda baƙi kan rikita sunanta da Jihar Kebbi, alhali ƙaramar hukuma ce ta Sakkwato mai iyaka da Kebbi da Zamfara.

A nan, kamar sauran ƙasar Sakkwatawa, ba a gaggawar yayyanka ragon layya a zuba a kasko. Tareni ake yi masa. Bayan an feɗe an cire kayan ciki, sai a buɗe ragon gaba ɗayansa, a shimfiɗa shi a kan sanduna masu ƙwari, a shafe shi da gishiri. A ƙofar gida ko a wani fili an riga an tara manyan itatuwa. Sai a haƙa ƙananan ramuka kewaye da su, a kafa sandunan, raguna su yi wa wutar da'ira. Ragon wannan gida na jingine kusa da na wancan, kowa kuma ya san nasa.

Ki lura da kyau, harshen wuta ba ya lasar naman. Hucinta ne ke ratsa shi a hankali na tsawon sa'o'i, ana juya shi, ruwan jikinsa na tsanewa, kitse na ɗiga. Su kuwa mata a cikin gida suna fama da hanta da tumbi da hanji, domin kayan ciki ne abincin ranar farko. Sai washegari ake sassara ragon a yi rabo: ga na gida, ga na dangi da surukai, ga na mabuƙata.

Idan kin taɓa zuwa aikin Hajji ko Umara, wataƙila kin ci mandi, wanda asalinsa daga Hadramaut ne a ƙasar Yaman. Shi a rami ake gasa shi: a hura wuta a ciki, a saka naman, a rufe bakin ramin ruf don kada zafi ya fita. Buzaye ma kan binne ƙullun burodinsu cikin yashi mai zafi ƙarƙashin garwashi. Rufaffen rami yana tsare ruwan nama, ya fito da laushi, amma a ci shi nan take. Tareni kuwa a sarari yake, don ruwan ya fita naman ya jure ajiya. Kakanninmu ba su da firji, amma sun san danshi ne ke ruɓar da nama.

Wannan dabara ba ta tsufa ba. A 2023 da 2024 da 2025 duk a watan Yuni aka yi layya, ga zafi ga danshin farkon damina, ga wutar lantarki da ba ta da tabbas. Uwargida da yawa ta cika firji da nama da yamma, gari ya waye ta tarar ya fara wari. Ragon da maigida ya yi watanni yana tara kuɗinsa bai kamata ya ƙare a bola ba.

Sai dai tareni na cin itace, itace kuma ya yi tsada, dazuzzuka na ta ja da baya. A nan ne hikimar haɗuwa take: wuta ɗaya ta ishi gidaje da dama, kowa ya kawo nasa ƙunshin itacen. Ranar da kowane gida ya ce sai dai ya hura tasa, kuɗin ya ninka, hirar da ake yi a bakin wutar kuma ta mutu. A wannan zaman ne yaro ke ganin yadda babansa da maƙwabci ke kama wa juna aiki.

In za ku gwada a unguwarku, ga abin kiyayewa. Nama mai kauri kamar cinya ba lallai ne zafi ya kai cikinsa ba, don haka a soya shi sosai bayan an yanka, kafin a ajiye. A nisanta ƙananan yara daga wutar, a sa babba ɗaya ya zuba musu ido. Idan wuta ta lafa kuma, kada a yi asarar tokar. Turbuɗa dankali da albasa a ciki, ki rufe su da garwashi, su nuna a hankali. Masu gadin raguna za su samu abin taɓawa kafin gari ya waye a fara rabo.