Kiɗan Jita A Bakin Iyakar Jibiya

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a cikin jaridarka mai farin jini, domin in ba 'yan'uwana masu karatu labarin kiɗan da na ji a cikin shekara ta 2024, a nan Jibiya inda nake aikin akawu, da kuma tsallaken iyaka.

Wanda bai san Jibiya ba, gari ne a arewa maso yammacin Katsina, kusan mil 30. Daga nan sai Magama, sai Ɗan Isa ta ƙasar Nijar, sa'an nan Maraɗi, inda Katsinawa suka kafa sarautarsu bayan jihadi. Watau dangi ɗaya ne, harshe ɗaya. Amma da soja suka karɓi mulki a Yamai ran 26 ga Yuli 2023, aka rufe iyaka, aka yanke wutar lantarki da ke zuwa musu daga wajenmu. Ba a buɗe ba sai cikin watan Maris 2024. Watanni bakwai ɗin nan, biki ya yi wuya, makaɗa kuwa suka zauna gida.

Kiɗan da nake nufi shi ne na jita irin na Buzaye, wanda Turawa ke lissafawa cikin kiɗan rok. Asalinsa kiɗan ɓoye ne. Lokacin tawayen Buzaye na 1990 zuwa 1995, a kaset ake ɗaukarsa, hannu ya ba hannu, gama hukuma ba ta son a ji shi. Da rikici ya sake tashi a 2007, Bombino na Agadas ya yi gudun hijira zuwa Burkina Faso, bai komo ba sai 2010. Mdou Moctar kuwa da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, kuma a Sakkwato ya ɗauki waƙoƙinsa na farko a 2008, suka bazu ta wayar hannu tun Turai ba ta san sunansa ba. A 2012 Tinariwen na ƙasar Mali suka ci kyautar Grammy a Amurka. Ni dai ban ga ko ɗaya daga cikin waɗannan manya ba. Ƙannensu na gani, waɗanda ba a buga sunansu a takarda, kuma wasa uku ne suka tsaya mini a rai.

Na farko a Maraɗi ne, bayan Babbar Salla, wajen bikin auren wani Buzu mai sayar da azurfa. Aka shimfiɗa tabarmi a kan titi, aka ta da inji, samari uku da rawani suka ɗauki jita, na huɗu yana ganga. Suka fara a hankali kamar tafiyar raƙumi, sa'an nan suka yi ta ƙara sauri har ƙura ta rufe fitila, mata na tafi suna guɗa. Ba tikiti, ba kujerar manya. Da inji ya mutu, sai tafin mata ya riƙe kiɗan har aka gyara.

Na biyu a Magama ne cikin damina. Ruwa ya tsare manyan motoci, direbobi suka taru a rumfar mai shayi. Wani yaron mota ya fito da tsohuwar jita mai tsirkiya huɗu, biyu sun tsinke, ya jona lasifika da batirin mota. Ya yi waƙa da Buzanci, ban ji ko kalma ɗaya ba. Na tambayi wani dattijo ma'anarta, ya ce kewar gida ce, su asuf suke ce mata. Na duba na ga direba Bahaushe, mutumin Kano, yana share ido da hula.

Na uku shi ne ya fi mini duka. Cikin hunturu ne, a wani zaure nan Jibiya, bayan lisha. Wani tsoho mai gurmi ya zauna da wani saurayi mai jita. Da fari tsohon ya raina abin, ya ce wannan molon Nasara ne. Amma da ya taɓa gurmi, saurayin ya amsa masa daidai, sai ya yi dariya ya ce, ashe jikan gurmi ne ya je yawon duniya ya komo. Ba su daɗe ba mai gida ya sallame mu tun dare bai raba ba, saboda tsoron 'yan bindiga da suka addabi ƙauyukanmu. Muka watse ba don mun ƙoshi ba.

Na sani cikin malamanmu akwai waɗanda ba su son kiɗa, kuma ban zo in yi gardama da su ba. Abin da na gani kaɗai nake faɗi: a wuraren nan uku ban ga giya ba, ban ga faɗa ba, na ga Bahaushe da Buzu da Bafillace a tabarma ɗaya. Ni da nake wuni ina rubuta abin da ya ƙetare iyaka, ban taɓa rubuta waƙa a littafi ba, ga shi kuwa ita ta fi kome ƙetarewa.

Saboda haka ina roƙon hukumomin ƙasashen nan biyu su dubi tsaron hanyar Katsina zuwa Maraɗi, su bar ta a buɗe. Samari masu wayar hannu kuma su ɗauki kiɗan tsofaffinmu tun suna da rai, kamar yadda Buzaye suka adana nasu.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.

Ni ne naka,
Akawu, Jibiya.