Shebur Ɗin Da Ke Jakata Ba Nawa Ba Ne

A shekarar da karatu ya kai ni ƙasar Norwe, na riƙa yin sujada a wata ƙaramar ikkilisiya, inda wani dattijo ya riƙe ni kamar ɗan cikinsa. Mutanen can da suna suke kiran juna, babba da yaro, amma bakina ya kasa. Baba nake ce masa, shi kuwa ya yi ta murmushi har ya saba. Shi ne ya koya mini zamiya a kan dusar ƙanƙara, irin wadda ake kira telemark.

Sunan na wani yanki ne a kudancin ƙasar. A can, a ƙauyen Morgedal, aka haifi Sondre Norheim a 1825, wanda ya gyara maɗaurin da ke haɗa takalmi da katakon zamiya, ya kuma ba mutanen babban birni mamaki da gwanintarsa a gasar 1868. A wannan salo, gaban takalmi kaɗai ake ɗaurewa, diddige a sake yake. In mutum zai juya, sai ya tura ƙafa ɗaya gaba, ya lanƙwasa gwiwar ta baya kamar mai shirin durƙuso. Na sha faɗuwa kafin jikina ya yarda da haka.

Da Ista ta gabato, Baba ya ce lokaci ya yi da zan bar filayen da aka gyara, in bi su cikin duwatsu, inda babu inji mai ɗaukar mutum sama, babu kuma ma'aikacin ceto a kusa. Mu uku ne: shi, da 'yarsa, da ni. Ita allo guda take hawa a karkace, irin wanda ake raba shi biyu a hau tudu da shi, a ƙwanƙoli kuma a sāke haɗa shi. Daren tafiya muka baje kaya. Ga fatun hawa da ake mannawa a ƙasan katako, masu gashi kwance ta fuska ɗaya, suna barin mutum ya zame gaba, suna hana shi komawa baya. Ga kuma abubuwa uku na kowane mutum saboda zaftarewar dusar ƙanƙara: ƙaramar na'urar da ake ratayawa a ƙirji, da doguwar sanda mai naɗewa ta fiye da mita 2, da shebur na ƙarfe.

Da safe na saɓa jakata, na ji nauyi. Na yi lissafi cewa ni ne mafi rauni a tafiya, shebur biyu kuwa sun ishi mutum uku. Na zare nawa na ajiye a mota. Baba ya gani, bai ɗaga murya ba.

"Ɗana, shebur ɗin wa ka ajiye?"

"Nawa ne, Baba."

"A'a, nawa ne. Naka yana jakata. Wanda ƙanƙara ta binne ba ya iya motsa ko yatsa, balle ya buɗe jaka. In ka bar wannan a mota, raina ka bari, kuma ba zan hau tare da kai ba."

Na mayar da shi cikin kunya.

Kafin mu fara hawa, ya ce sai an gwada ni. Ya bayyana mini cewa dukan irin waɗannan na'urori a duniya a zango ɗaya suke magana, kilohaz 457. Muddin ana tafiya, kowace tana aika alama. In aka binne wani, sai sauran su juya nasu daga aikawa zuwa saurare. Ya ce mafi yawan waɗanda aka tono cikin minti 15 na farko suna rayuwa, bayan rabin sa'a kuwa fata ya yi ƙaranci, gama iska takan ƙare, dusar da ta zaftare kuma takan ƙanƙame kamar siminti. Sai ya binne wata jaka da na'ura a ciki, ya dubi agogo, ya ce mu nema.

Na ruga da ƙwazo. Amma 'yarsa ta yi ta zagaye tana dawowa kaina, har ta tsaya ta ce in duba ƙirjina. Ashe ban juya tawa ba. Ina ta aikawa, alamata ta rufe ta wanda ke ƙasa, ta karkatar da mai nema. Da muka gyara, muka bi alama, muka soka sanda har ta taɓa jaka, muka tono. Baba ya nuna mini agogo: minti 22. Bai ƙara ko kalma ba.

Ranar ba mu kai ƙwanƙoli ba. A wani gangare mai tsauri dusar ta yi wani gurnani a ƙarƙashinmu, alamar cewa wani ɓoyayyen shimfiɗi mai rauni ya rushe. Baba ya ce mu koma, gama ƙa'idar masu shiga duwatsun ƙasarsu ta koyar da cewa juyawa da wuri ba abin kunya ba ne. Muka sauko ta hanya mai sauƙi.

Daren nan barci ya ƙaurace mini, amma ba tsoron gangaren ne ya hana ni ba. Wani ɗan'uwa ne ya tsaya mini a rai. Tare muka tashi a ƙungiyar mawaƙa a gida. Shi ne ma'ajin matasa, kuɗi suka salwanta a hannunsa, ikkilisiya ta sa shi ƙarƙashin horo, daga nan ya daina zuwa sujada. Wata bakwai ke nan ban ji muryarsa ba. Na riƙa kwantar da lamirina da cewa yana da lambata, in yana bukatata zai kira. Ban kuwa yi shiru ba: kowane mako nakan tura masa aya ko guntun wa'azi ta waya, in ji kamar na sauke farilla. A daren ne na gane abu biyu. Wanda kunya ta binne ba ya iya kira. Ni kuma wata bakwai ina aikawa, ban saurara ko sau ɗaya ba.

Na buɗe Markus sura 2, labarin shanyayyen da mutum huɗu suka ɗauko. Da taro ya hana su shiga, suka hau soro suka buɗe rufi, suka zura shi gaban Yesu. Marubucin bai rubuta mana wata kalma da shanyayyen ya faɗa ba. Bangaskiyar masu ɗaukarsa Ubangiji ya gani. A Galatiyawa sura 6 kuma, manzo Bulus ya ɗora aikin komo da wanda ya faɗi a wuyan waɗanda ke tsaye, ya ce a yi shi da tawali'u, kowa yana lura da kansa. Makon Ista ne, sai na tuna da nawa halin. Sa'ad da zunubi ya danne ni, ban yi kira ba, ban ma san na mutu ba. Almasihu ne ya sauko inda nake, har cikin kabari, ya fito da ni. Ta yaya wanda aka tono zai ce shebur ya yi masa nauyi?

Da muka sauko gari, na kira shi. Bai ɗauka ba, kashegari ma haka. A rana ta uku ya ɗauka, ya yi shiru yana jiran wa'azi. Na ce, "Ɗan'uwana, ya jikin Mama? Ka ci abinci yau?" Na kame bakina. Ya yi magana kusan sa'a guda. A nan na ji cewa rashin lafiyar mahaifiyarsa ne ya kai hannunsa ga kuɗin, yana niyyar mayarwa kafin a sani. Wannan bai wanke laifin ba, shi ma bai ce ya wanke ba. Amma wata bakwai yana ɗauke da shi shi kaɗai.

Ba zan ce kome ya gyaru ba. Yana biyan bashin kaɗan kaɗan, ni ma na ɗauki wani kashi. Wata Lahadi yakan je ya zauna a bencin baya, wata kuma ƙafa takan yi masa nauyi. Har yanzu ana tono.

Ɗan'uwa mai karatu, wane benci ne ya daɗe babu mai shi a ikkilisiyarku? Kada ka jira kiransa. Haƙurin da Allah ya ba ka, da lokacinka, da kunnenka, an sa su a jakarka domin wani ne, naka kuma yana jakar ɗan'uwanka.

Ya Ubangiji Yesu, kai da ka neme ni sa'ad da ba ni da murya, ka gafarta mini yawan maganata da ƙarancin saurarena. Ka nuna mini wanda ke kwance a ƙarƙashin nauyi, ka ba ni hanzari kafin lokaci ya ƙure. Amin.