Canji: kalma ɗaya, ma'ana huɗu

A cikin kalmomin da Hausa ta aro, babu wadda nake ji a bakin ɗalibaina a nan Gangara kamar "canji". Asalinta kalmar Ingilishi ce, change, alhali Ingilishi bai taɓa mulkin ƙasarmu ba, kuma da Faransanci aka karantar da mu. Ba ta ƙofar makaranta ta shigo ba. Ta hanyar Katsina ta zo, a bakin fatake da direbobi da 'yan ci-rani, ta zauna daram har tsofaffi ba su san baƙuwa ba ce.

Na ƙirga mata ma'ana huɗu. Ta farko ita ce ragowar kuɗi: ka ba mai tebur jika, ya ce ba shi da canji. Ta biyu ita ce sana'ar 'yan canji, masu karɓar naira su ba da sefa, tun daga kasuwar Maraɗi har Wapa a Kano. Ta uku, maye wani abu da wani, kamar canjin riga ko canjin malami. Ta huɗu ita ce ta siyasa, kuma ita ta fi damuna.

Kafin zuwanta, Hausa tana da kalma ga kusan kowane ɗaya. Musaya sai da hannu biyu, ka ba da naka ka karɓi na wani, abin da muke cewa ba ni gishiri in ba ka manda. Sauyi kuwa ba ya buƙatar kowa: damina ta sauya zuwa kaka, yaro ya sauya murya. Juyi shi ne a kifar da abu gaba ɗaya. Canji ta haɗiye su duka, kuma mai faɗinta ba dole ba ne ya bayyana wanne yake nufi.

A nan 'yan siyasa suka samu wurin fakewa. A 1993 da kirarin canji Mahamane Ousmane ya ci zaɓe, har daga baya ya shiga takarar 2020 a ƙarƙashin jam'iyyar RDR Tchanji. A Najeriya ma da ita Buhari ya hau mulki a 2015. Talaka ya ji kalmar ya ɗauka musaya ce: in ba ka ƙuri'a, ka ba ni sauƙin rayuwa. Amma canjin da ya fara isa aljihunmu shi ne na Janairun 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Ba shugabanmu kaɗai ya yanke hukuncin ba, ƙasashen sefa duka ya shafa, sai dai wanda ya je sayen magani a wannan shekarar ya gane cewa canji ba lallai ya zama alheri ba. Haka kuma a farkon 2023, da Najeriya ta sake fasalin takardun naira, manoman bakin iyaka da suka sayar da wake da dabbobi da tsoffin kuɗi suka shiga zullumi.

Ba na cikin masu cewa a kori kalmomin aro. Dala ma daga kuɗin azurfar Turawa muka samo sunanta, ga shi da ita muke ƙirga sefa. Abin da nake tsoro shi ne baƙuwa ta kori 'yan gida. Tunda a 2025 aka ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar, nauyin yana wuyanmu malamai. A ajina, in yaro ya rubuta "an samu canji", sai in mayar masa da takardar in tambaye shi: musaya aka yi ko sauyi ne, kuma wa ya ci riba? Yaron da ya saba da wannan tambayar, ɗan canji ba zai cuce shi a kasuwa ba, ɗan takara ma sai ya yi masa bayani kafin ya karɓi ƙuri'arsa.