Shamoni, garin da ke kwana a ƙarƙashin dusa

Shamoni gari ne a gabashin Faransa, cikin wani matsattsen kwari a gindin Mon Bulan, dutsen da tsayinsa ya haura mita 4,800, wato ya ninka Idukal-n-Tages na Bagzan, mai mita 2,022, har da ɗoriya. Dusar ƙanƙara ce arzikin garin, domin ita ke cika masaukai da kantuna da baƙi a lokacin hunturu. Ita ce kuma abin fargabarsa.

Dusar hawa-hawa take kwanciya bisa dutse. Tsananin sanyi yakan mai da hawa na ƙasa ya koma tsaba-tsaba kamar sukari, daga baya iska ta kwaso sabuwa ta daɓe a kansa. Ke nan kaya mai nauyi ya hau shimfiɗar da ba ta da riƙo. Inda gangare ya kai digiri 30 zuwa 45, nauyin mutum guda ya isa ya ɓalle shi. Shi ya sa yawancin masu wasan sulɓi da dusa ke binnewa, su ko abokan tafiyarsu ne suka tayar da ita. Wanda aka tono cikin minti 15 galibi yana rayuwa. In aka wuce rabin sa'a, gawa aka fi samu, don numfashi ya ƙare.

Tun 1993 ƙasashen Turai suke auna haɗarin da ma'auni guda, daga 1 zuwa 5. Abin mamaki, a mataki na 3 aka fi mutuwa, saboda mutane na ganin bai kai a zauna gida ba.

Zaman gidan ma ba kullum yake tsirarwa ba. Ran 9 ga Fabrairu 1999, bayan kwanaki ana zuba, dusa ta zaftaro daga dutsen Péclerey, ta tsallake kogin Arve, ta haye ɗaya gefen, ta murƙushe gidaje 14 a ƙauyen Montroc, can ƙuryar kwarin. Mutum 12 suka rasu. Galibin gidajen nan, taswirar hukuma ta sanya su a yankin da aka ce babu haɗari, kuma da izini aka gina su.

A 2003 kotun Bonneville ta yanke wa magajin garin Shamoni, Michel Charlet, ɗaurin talala na wata 3, bisa laifin rashin kwashe mutanen ƙauyen tun da sauran lokaci.