Abin da Hazo Ke Cinyewa a Tsibirin Man

Jirgin ruwan da ya ɗauke ni daga Heysham, a gaɓar Ingila, zuwa Douglas, babban birnin Tsibirin Man, ya yi kusan awa huɗu a teku, cikinsa maƙil da babura da motocin kaya. Ƙarshen watan Agusta ne, lokacin Manx Grand Prix, tseren da aka fara a 1923 domin waɗanda ba su ɗauki gudun babur sana'a ba. Makanikai ne da magina da direbobi, kowa ya ɗauki hutu a wurin aikinsa, ya zo da mashin ɗin da ya haɗa da guminsa. Da na zaga hanyar tseren, sai na tabbata cewa babban abin da ke barazana ga ran irin waɗannan mutane shi ne ƙarancin lokacin gwaji.

Hanyar da kanta ita ce hujja. Titi ne na kowa da kowa, wanda ake bi a kai yara makaranta, sai a rufe shi na 'yan awoyi. Tsawonsa ya ɗan haura kilomita 60, da lanƙwasa sama da 200, ya gangara Bray Hill tsakanin gidajen mutane, ya haye gadar Ballaugh inda tayoyi ke barin ƙasa, ya ratsa garin Ramsey, sannan ya hau dutsen Snaefell har sama da mita 400. Gefensa katangar dutse ce da bishiyoyi da turakun waya. Ba a tashi a tare. Ɗaya bayan ɗaya ake sakin mahaya, kowa yana tsere da agogo. Wanda zai tsira a nan dole ya haddace titin kamar yadda ɗalibi ke haddace allonsa, haddar kuwa sai da maimaici. Ga shi yanayin tsibirin ba ya da alƙawari. Rana na iya haskawa a Douglas alhali hazo ya rufe dutsen, kuma idan jirgin ceto mai saukar ungulu ba zai iya tashi ba, ba a buɗe tsere. Haka ma idan masu tsaron hanya, 'yan sa-kai da ake buƙatar sama da 500 daga cikinsu, ba su cika ba. Kowane yammacin gwaji da aka soke, sabon shiga mai sanye da rigar ruwan lemo ya yi asarar zagayen da ba zai maido ba, ƙila ma ya kwana yana kwance inji a tanti da tocila. Shi ya sa rage ranakun gasar daga 14 zuwa 9 da aka yi a 2022 ya dame ni ƙwarai.

Wani zai ce a hana abin ɗungurungum, kuma maganarsa tana da nauyi. Tun 1911 mahaya sama da 260 sun mutu a wannan hanya, har shahararren mahayi Giacomo Agostini ya ƙaurace wa TT, wata gasar da ake yi a kan hanyar, bayan mutuwar mahayi Gilberto Parlotti a 1972. Amma hani ba ya kashe sha'awar gudu. Yana kore ta ne zuwa titin da babu likita, babu tuta, babu mai duba birki kafin a tashi. Wani kuma zai ce mahayan manya ne, sun san abin da suka zaɓa. Wannan ma bai gamsar da ni ba, domin mutumin da ya kashe ajiyar shekara guda ya ƙetaro teku ba zai iya cewa ya fasa ba cikin sauƙi, ko da zagaye kaɗan ya samu. Nauyin yana wuyan masu shirya gasar, waɗanda ke da ikon ƙara ranakun gwaji, su kuma hana wanda bai ƙoshi da titin ba hawa layin tashi a Glencrutchery Road.